IC-7300 ko TS-590SG: wanne zai fi ji a Damagaram?

Malam, ka tambaya wanne za ka saya tsakanin rediyoyin aikawa da karɓa guda biyu, Icom IC-7300 da Kenwood TS-590SG, tunda eriyarka waya ce guda a saman soro a Birni, kuma zangon mita 40 da na 20 (wajen 7 MHz da 14 MHz) ka fi so. Wajen aikawa duka wat 100 ne, babu abin jayayya. A wajen karɓa suka rabu hanya.

Kenwood ɗin tsohuwar dabara yake bi, sufahet, wadda ta samo asali tun zamanin Armstrong da Lucien Lévy, wajen 1918. Siginar da ta sauko daga eriya ana gauraya ta da wata da rediyon ke haifarwa a cikinsa, a mayar da ita zango guda tsayayye. A mita 160, 80, 40, 20 da 15, zangon nan 11.374 MHz ne, kuma nan take sai ta tarar da matacin kiristal mai faɗin 500 Hz ko 2.7 kHz. Kamar mai gadi ne a zaure: wanda ba a kira ba a waje zai tsaya, komai ƙarfin muryarsa. Abin da ya samu shiga kaɗai DSP, wato sashen da ke tace sigina da lissafi, ke gyarawa.

Icom ɗin, da ya shigo kasuwa a 2016, ba ya gauraya komai. Daga eriya sai matatai masu faɗi, sai ADC, wato mai juya sigina zuwa lambobi, mai bit 14, wanda ke auna siginar sau miliyan 124 da ɗoriya a daƙiƙa guda, ya mayar da ita lambobi. Zaɓen tasha da tacewa duk lissafi ne daga nan. Shi ya sa allonsa ke nuna maka zangon gaba ɗaya, kana kallon mai kira tun kafin ka murɗa zuwa kansa. Kenwood ba shi da wannan allon.

To, ina matsalar? ADC yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma jimillar duk abin da ya shigo yake ɗauka, ba tasharka kaɗai ba. Mita 40 ɗinmu a 7200 kHz ya ƙare, daga nan sai manyan gidajen rediyo. Muryar Najeriya ta daɗe a 7255. Da dare in suka taso, za ka iya ganin OVF, alamar cewa sigina ta fi ƙarfin ADC, yana ƙyaftawa a allo. Kada ka tsorata. Kashe firiyam, wato mai ƙara wa sigina ƙarfi tun a ƙofar shiga, ka rage RF gen, maɓallin ƙarfin karɓa, har alamar ta ɓace. A 7 MHz hayaniyar sararin sama ta riga ta fi ta cikin rediyo, don haka ba ka rasa kowa ba. Mutane da yawa suna barin firiyam a kunne dare da rana, sannan su ce na'ura ba ta da kyau.

Amma gaskiyar magana, a garin nan ba maƙwabciyar tasha ce ke hana mu ji ba. Inbata ta sola ce, da cajar waya mai arha, da ƙwan LED, sai tsawar damina, sai kuma wutar da ƙurar hunturu ke tarawa a jikin waya har ka ji tas-tas. Matacin kiristal bai san da waɗannan ba, domin a kan zangonka suke zaune. Rediyoyin biyu duka suna da NB, mai yanke ƙarar filogin kabu-kabu in ya wuce ta lungu, da NR mai rage shuuu. In ka cika NR, muryar mutum sai ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Inbata kuwa, babu maɓallin da ke kashe ta. A nan allon Icom ke biyan kuɗinsa: za ka ga hayaniyarta layuka a jere da tazara iri ɗaya. Ka ɗora rediyon a batir, ka kashe wutar gida, ka riƙa kunna kaya ɗaya-ɗaya har ɓarawon ya fito.

Da a ce mos, saƙon ɗigo da sanda, kake bugawa a ranakun gasa, inda tashoshi ke cunkushe da juna, da Kenwood zan ce maka. Kai da murya kake so, cikin unguwa mai sola a kowane rufi, ɗauki IC-7300. Sai dai ka ware wani abu don zoben ferit mai rage hayaniya a wayoyin inbata, da hanyar sauke wutar eriya zuwa ƙasa kafin hunturu ya kama.