Tayar da aka ƙi ɗaura min a Munik

Salamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Na san yanzu a gida hazo ya sauko kowa na neman basilin, to mu nan abin ya wuce basilin. Bana uwargida ta tasa ni gaba, wai shekara huɗu muna Munik, duk ranar da gari ya washe muna hango duwatsun Alps can nesa fari tas kamar an barbaɗa musu gari, amma ko sau ɗaya ban taɓa kai ta ita da yara ba, maƙwabta kullum suna ɗaure kayan zamiyarsu a rufin mota suna wucewa mu sai ɗaga hannu. Na ce to shikenan, ga hutun makaranta na Kirsimeti, kwana uku za mu yi: mu bi ta Garmisch mu shiga Ostiriya mu sauka Innsbruck, kashegari mu haura Brenner, mashigar dutse da ke kan iyaka, mu leƙa Italiya mu juyo. A taswira abin wasa ne, Munik zuwa Innsbruck kamar Kano zuwa Zariya ne, ni kuwa da na sha haura Hawan Kibo da tsohuwar Golf shaƙe da mutane da doya a but, me zai ban tsoro.

Ashe ko ƙofar gida ban fita ba za a koya min hankali.

Motar bana na saye ta, ta hannu ce, kuma wanda ya sayar min ya haɗa min da tayoyin hunturu guda huɗu kyauta, na jibge su a ɗakin ajiya na ƙasa ina ta murna na yi tsintuwa. Su nan mota taya biyu gare ta kamar yadda kake da kayan sanyi da na zafi, har karin magana suke da ita wai daga O zuwa O, wato daga Oktoba zuwa Ostern, Ista kenan, kana kan ta hunturu. Na kira gareji a tsakiyar Nuwamba na ce zan kawo mota a canja taya. Matar ta ce sai bayan sati uku. Na ɗauka Jamusancina ne ya kife, na maimaita, na ce ba inji za a sauke ba fa, taya ce. Ta ce ta gane, sati uku, ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe. Wallahi nan take na tuna mai facin bakin layinmu, wanda ko kana cikin mota ba ka kashe ta ba ya riga ya zura jak, kafin ka gama gaisawa da mai shayi ya ɗaure noti na ƙarshe yana ce maka Alhaji a sauka lafiya. A nan kuɗinka a hannu amma sai an ba ka rana kamar mai zuwa ganin likitan ido.

Ranar ta zo na je da duhu-duhu. Bakaniken da aka haɗa ni da ita mace ce, yarinya ma, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Na buɗe but na sauke tayoyin ina wani ƙobarewa. Ba ta ce komai ba, ta durƙusa ta zaro kwabon yuro biyu daga aljihu ta cusa a cikin zanen tayar. Farin bakin kwabon ya kamata ya nutse gaba ɗaya, bai nutse ba. Sai ta ɗauko ɗan ma'auninsu ta ce milimita uku. A Jamus doka ta yarda har 1.6, amma a Ostiriya in ba ta kai huɗu ba ba a ma lissafa ta a tayar hunturu, kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu in hanya da ƙanƙara dole kana kan ta hunturu. Ta juya gefen tayar ta nuna min wasu lambobi huɗu da ban taɓa kula da su ba a rayuwata, 3814, ta ce sati na 38 na shekarar 2014 aka yi ta, ta girmi babban ɗana kenan. Sannan ta ce ina hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki? Babu, M+S kawai aka rubuta, kuma tun Oktoban 2024 a Jamus wadda ba ta da hoton dutsen ba ta shiga lissafin tayar hunturu, in aka kama ka a kan ƙanƙara tarar yuro 60 ce da makin laifi ɗaya a kundinsu na direbobi da ke Flensburg.

Ni kuma jinin gida ya motsa, na shiga ciniki. Na ce haba, ai da sauranta, kwana uku ne kacal, a hankali zan tafi, ki ɗaura kawai ni na ɗauki nauyi. Ta miƙe ta leƙa kujerar baya ta ga kujerun yara biyu, ta dube ni ta ce da waɗannan za ka sauka gangaren Zirl, gangaren dutsen da ke gab da Innsbruck, a kan wannan tayar? Akwai wani tsoho a bayana yana jiran layi, sai ji na yi ya yi tsaki irin nasu yana girgiza kai. Kunya ta sa na yi abin da bai kamata ba, na yi dariya na ce a ƙasarmu wannan ai sabuwa ce. Ta ce na sani. Ta nuna min bayan garejin da yatsa, tsaunin tsofaffin tayoyi ya fi ni tsawo, ta ce akwai mai zuwa da babbar mota yana tsince masu ɗan dama-dama, a kai tashar jirgin ruwa, Afirka.

Ba da izgili ta faɗa ba fa, yadda za ka ce wa mutum yau Talata haka ta faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ci na. Na tsaya ina kallon tarin nan sai na ga Ƙofar Ruwa, na ga Panteka, na ga kaina shekarun baya ina danna taya da babban yatsa ina cewa wannan Baljiyam ce mai kyau, an wanke ta an shafa mata baƙin mai tana ƙyalli, mai shago yana rantsuwa wai Bature ko wata shida bai yi a kanta ba. Ashe jujin wasu muke layi muna saye har da neman ragi. Kuma abin da ya fi tayar min da hankali, da yawansu na hunturu ne, robarsu laushi gare ta don an yi ta ne saboda sanyi, mu kuma mu ɗora ta a kwaltar Afrilu da rana ta kai digiri arba'in, a loda mutum goma sha takwas a bas da buhuna a sama a kama hanyar Maiduguri ana gudun fanfalaƙi. In ta yi bindiga a ce tsautsayi. Ƙaddara gaskiya ce ba mai ja, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, mu ko igiyar ba ma dubawa. Gwamnati ta hana shigo da tayar gwanjo a takarda, 'yan Road Safety sun yi ta wayar da kai a kan lambobin nan huɗu, ku gaya min tsakani da Allah waye a cikinmu ya taɓa durƙusawa ya karanta kafin ya biya. Ni dai sai da wata 'yar Jamus ta nuna min da kwabo a gaban mutane.

Haka na zare kati na sayi sababbi huɗu, da ɗaurawa da komai ya tasar ma yuro 500, kar wanda ya juya min shi zuwa naira don Allah, na riga na juya ban yi barci ba. Tsofaffin kuma wai in zan bar musu sai na biya kuɗin zubarwa a kan kowace ɗaya. Ka ji fa, in biya su, su kuma wani ya zo ya kwasa ya sayar wa ɗan uwana. Na ce a'a ku mayar min but. Sai ta ƙara da cewa in ina so za su ajiye min tayoyin bazara har Ista, suna da wurin da suke kira otal ɗin taya, ana biya duk kaka. Otal. Taya na kwana a otal ni ina lissafin yadda zan biya na mutane.

Daga nan fa na daina yarda da kaina, na zauna na bi sauran shirin ɗaya bayan ɗaya, kuma duk inda na taɓa sai kuɗi ya fito. Babbar hanyar Ostiriya ba a hawa sai da sitika, ta kwana goma yuro goma sha biyu da 'yan kai, yanzu har ta intanet ana saye a ɗaura a lambar motarka, kuma babu wanda zai tare ka da katako mai ƙusa, kyamara ce a sama, in ba ka da ita takarda za ta same ka har gida ta sama da yuro ɗari, ba roƙo ba oga a taimaka. Na ɗauka shikenan, ashe hanyar Brenner kuɗinta daban, akwai tol-get, don gadoji ne a rataye, ɗaya ma Europabrücke tsayinta mita 190 daga ƙasa tun 1963 take tsaye. Wani abokina ɗan Damagaram da ke tuƙa babbar mota ta nan ya ce in shirya wa cunkoso, tun farkon 2025 ake aikin wata gadar kusa da iyaka an matse hanya. Suwizalan kuwa na cire ta a lissafi tun wuri, su sitikarsu ta shekara ce kawai, faran 40 na kuɗinsu, ko yini ɗaya za ka yi.

Hanyoyin da na gani a hotuna nake ta zumuɗi, masu lanƙwasa kamar maciji irin Grossglockner da Stelvio, duk a rufe suke ruf har sai bazara. Wannan kam ya burge ni, hukuma ta ce hanya ba ta biyuwa kuma kowa ya haƙura, da mu ne da tuni wani ya ɗage shingen yara sun tsaya suna karɓar na goro.

Sai sarƙa. Akwai allo shuɗi mai hoton taya da sarƙa, in ka gan shi dole ka tsaya ka ɗaura komai sabuntar tayarka, kuma ba ka wuce gudun 50. Na saya, na ce bari in gwada a filin ajiye motoci na gidanmu kar sai a kan dutse. Minti arba'in ina kokawa, yatsu sun ƙage ba na jin su, sarƙa ta cukurkuɗe kamar zaren buhu. Wani tsoho maƙwabcinmu da shekara huɗu gaisuwarmu ba ta wuce kalma ɗaya ba ya sauko da safar hannu da tabarmar roba, ya durƙusa ya nuna min sau biyu, ya sa na yi da kaina sau biyu, ya duba ruwan wanke gilashi ya ce wannan na bazara ne zai daskare, ya je ya ɗauko min nasa. Na ce ya shigo ya sha shayi ya ce a'a yana da abin yi ƙarfe huɗu. Mutanen nan ka rasa inda za ka ajiye su wallahi.

Uwargida ita nata lissafin na ciki ne. A can kusan komai da naman alade a ciki, har miyar da za ka rantse ganye ce sai ka tsinci 'yan gutsattsari, ga shaguna ranar Lahadi a kulle, don haka ta soya dambun nama ta yi cincin, fulas biyu na shayi mai citta, kilishin da aka aiko mana tun Babbar Sallah da take ɓoyo shi ma ya fito. Rana kuma ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana koro su, ga shi ba masallacin gidan mai da za ka faka ka ɗauki buta, bayin ma a kan babbar hanyar Jamus sai ka jefa yuro ɗaya ƙofa ta buɗe. A nan ne kewar gida ke kama ni. Hanyarmu ramuka ne da fargaba, na sani, amma ka tsaya a Kwanar Ɗangora ka ji ƙamshin balangu, yara sun kewaye mota da rake da dafaffen ƙwai, in motarka ta mutu kafin ka buɗe bonet mutum biyar sun taru kowa da shawararsa har da mai tura maka ba ko sisi. Nan in motarka ta mutu a hanya sai ka sa riga mai ƙyalli ka kafa alama ka tsallake bayan ƙarfe ka kira lamba, za su zo kam, da kayan aiki na gani na faɗa, amma rasit na biye.

Yanzu dai komai ya kammala, ranar Juma'a bayan asuba za mu ɗaga in sha Allah, a sa mu a addu'a musamman gangaren nan na Zirl da aka ce har hanyoyin tsira aka yi a gefe saboda masu tsinkewar birki. Yara sun ƙagu su hau motar igiya ta Innsbruck, ni kuma ban gaya musu ba tsoronta nake.

Jiya na ba ƙanina labarin nan duka a waya, shi da ke jigila tsakanin Kano da Katsina da Sharon, na gaya masa zancen kwabo da lambobi huɗu da tarin da na gani a bayan gareji, har muryata na rawa. Ya yi shiru yana saurare, da na gama sai ya ce to Yaya su tayoyin suna ina yanzu? Na ce suna ɗakin ajiya. Ya ce lamba nawa ne, sha shida? Don Allah kar ka yar, in an samu mai kwantena ka sako min su.