Famasin da ba sa ba ka maganin ciwon kai sai sun yi maka tambayoyi

Jama'a yau kan wani famasi zan yi magana da ke nan ɓangaren Tarauni a Kano, wanda yanzu kusan duk gidanmu can muke sayen magani, kuma ciwon kai ne ya fara kai mu wajen. Ba talla aka ba ni ba shi ya sa ba zan kama suna ba, akwai ma abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su, amma gaskiya yadda suke karɓar mai ciwon kai ina ma a ce kowane shagon magani haka yake yi.

Kowa ya san yadda ake yi a yawancin kemis na cikin unguwa, ka ce kaina ke ciwo a haɗa min, sai a yanko ɗaya nan biyu can, ja da fari da rawaya, a ƙulle maka a leda a ce sha yanzu ka ƙara da dare, ba ka san sunan ko ɗaya ba balle ka san ko ya dace da kai. To nan sam ba sa haɗi. Akwai famasist na gaske, lasisinsa na PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna, yana rataye a bango, kuma kafin ya miƙo maka ko farasitamol sai ya tambaye ka Malam ina ne yake maka ciwo, tun yaushe, bugawa yake ko ɗaurewa, akwai zazzaɓi ko amai, kana da olsa ko hawan jini, in mace ce ya ce Hajiya da juna biyu? Wasu suna jin haushin tambayoyin don sauri suke, ni kuwa wallahi su ne suka sa na yarda da wajen.

Ni tela ne, kaina a sunkuye yake kan keke tun safe, in sallah ta gabato kuma har tsakar dare. Nawa ciwon daga ƙeya yake farawa ya zagayo goshi kamar an naɗa min rawani an tamke shi da ƙarfi, ba amai ba jiri, ina iya aiki amma a takure. Ya ce wannan shi ne ya fi yawa a cikin mutane, na gajiya da damuwa, kuma wuya da kafaɗa suna da hannu a ciki. Shawararsa ba ta kuɗi ba ce, in riƙa tashi ina miƙewa ina juya wuya, in ajiye ruwa kusa da keke, in gyara hasken shago, in samu barci isasshe, in je a duba min ido tunda aikin allura ne. Farasitamol kuma ya ce babba ƙwaya biyu na 500mg, a ba da tazarar awa 4 zuwa 6, kar a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24 saboda hanta, kuma a lura da maganin mura don da yawansu akwai farasitamol a ciki, mutum sai ya ninka bai sani ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya ce maganin ciwon kai shi kansa yana kawo ciwon kai. Wai in mutum yana shan irin su farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma masu haɗi da kafeyin ko su tiramol kwana 10 ko fiye a wata, har aka yi sama da wata uku a haka, to ciwon yana iya zama na kullum, ka tashi da shi da asuba, ka sha magani ya lafa, maganin na sakinka ya dawo ka sake sha. Ku duba abokan aikinmu teloli da direbobi da masu dako a kasuwannin Kwari da Singa, mutum nawa ne kullum da katin magani a aljihu kamar goro? Abin yana damuna ƙwarai, don mutanen kirki ne masu neman halak, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu wannan bayanin. Mai shago da zai ce maka rage sayen kayana, ai ka san ba kuɗinka kawai yake so ba.

Na maiɗakina kuma daban ne, ita ciwon ɓarin kai ne, gefe ɗaya yana bugawa, da tashin zuciya, ba ta son haske ba ta son hayaniyar yara sai ta shiga ɗaki ta ja labule. Ya ce mata irin wannan yana iya ɗaukar awa 4 har zuwa awa 72, kuma mata sun fi maza samunsa nesa ba kusa ba. Ya sa ta samu ƙaramin littafi tana rubuta ranar da ya tashi da abin da ya faru kafin nan, a haka muka gane nata yana bin lokacin al'ada, da ranar da ta tsallake karin kumallo, da turaren wuta mai ƙarfi na gidan biki. Ya ce ta sha magani da zarar ta ji alamarsa kar ta bari ya kama sosai, amma tunda yana yawan zuwa sai ya tura ta asibiti da littafin nata, ya ce akwai maganin rigakafi da ake sha kullum amma likita ne zai rubuta. Ya kuma ja kunnenta cewa macen da ke ganin walƙiya ko dishi-dishi kafin ciwon ya taso ta faɗa wa likita kafin a ba ta ƙwayar tsarin iyali, don akwai wadda ba ta dace da ita ba.

Suna awon hawan jini a wajen, kuma a nan ya gyara mana wani tunani, mu a da duk ciwon kai na manya hawan jini muke cewa, ya ce yawanci hawan jini ba ya nuna alama ko kaɗan, awo ne kawai yake tona shi, daga 140/90 in ya maimaita a je a ga likita. Mahaifiyata da ke da shi ya hana ta diclofenac da ibuprofen saboda jinin da ƙoda da kuma ciki. Mai zazzaɓi kuma sai an yi masa gwajin maleriya tukuna.

Akwai waɗanda ko magani ba ya sayar musu, asibiti kawai yake cewa yanzu yanzu. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman lokacin zafin Maris da Afrilu da sanƙarau ke yawo a Arewa, ko wanda ya faɗo wa mutum farat ɗaya da tsananin da bai taɓa ji ba, ko baki ya karkace hannu ya mutu magana ta sarƙe, ko bayan an faɗi a babur kai ya bugu, ko mai tsohon ciki da kai ke sarawa ga kumburi ga ido yana dishi, wannan tsoron jijjiga ake. Ya kuma ce in duk 'yan gida suka tashi da ciwon kai tare a duba janareta ko gawayin da aka kwana da shi a ɗaki lokacin sanyi, hayaƙin nan yana kisa. Da azumi ya zo kuwa shawararsa ga masu shayi da kofi da goro ita ce a fara ragewa tun a Sha'aban, a rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur, kar a bar sahur.

To sai abin da ban so ba. Maganinsu ya ɗan fi na kemis tsada, duk da dai komai da lambar NAFDAC kuma a ɗaki mai sanyi yake ajiye. Bayan magariba layi ne sosai kuma benci ɗaya ne, tsofaffi suna tsayuwa. Ba wani keɓantaccen waje da mace za ta yi bayanin al'ada ko ciki, a gaban kanta ake yi maza na tsaye a baya, wannan ya kamata su gyara ko da labule ne. Sannan famasist ɗin ba kullum yake nan da rana ba, yaran kanta kuwa suna da ladabi amma ba sa tambaya kamar shi, don haka in don ciwon kai za ku je ku je da safe, ku tambaya ko yana nan, kuma ku tafi da kwalaye ko katin duk maganin da kuke sha a gida ya gani da idonsa.