Ɗakin gwajin jini a Mabera, Sakkwato: aiki ya yi kyau, wurin zama ne matsala

Ƙaramin wuri ne, sai ɗan kabu-kabu ya nuna maka ƙofar kafin ka gane shi. Gwajin kafin aure muka kai ƙanwata, sai ni da uwargida da ɗanmu muka duba rukunin jininmu. Nawa ya fito A, nata B, na yaron O. Ina ta jujjuya takardar, ma'aikacin ya lura ya ce, "Alhaji, kak ka sa ma ranka komi, wanga abu gado na."

Nan ya burge ni. Ya ɗauki biro ya zana mini a bayan takarda: ƙwayar gadon rukunin jini iri uku ce, A da B da O, amma kowane mutum biyu kaɗai yake ɗauke da su, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A da B suna danne O, in kuma suka haɗu su biyu babu mai danne wani, sai a sami AB. Ashe ni AO ne, ita BO, don haka a kowane ciki kowanne daga rukunan huɗu na iya fitowa. Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunan, a 1924 Felix Bernstein ya nuna yadda ake gadonsu, amma har yau akwai gidajen da zargi ke shiga kan wannan.

Wajen jinotayif ma, wato gwajin da ke nuna ko mutum na ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ba su yin aikin ganin ido. Shi ma ba A da S kaɗai ba ne, akwai C, kuma AS ya auri AC ana iya haihuwar SC, wanda shi ma sikila ne. Gwajin gaggawa na neman S ba ya ganin C, su kuwa na'urar da ke rarrabe su duka suke sa wa jinin, shi ya sa sakamakon ke ɗan jinkiri. Na yarda da wannan jiran.

Wurin jira kam abin a gyara ne. Fanka ɗaya a zafin Sakkwato, benci bai isa ba, mata da maza a cakuɗe. Sakamakon kuma da hannu ake rubutawa, sai da na sa aka sake fito mini da alamar Rh, wato alamar + ko − da ke bin rukunin jini. In za ku je, ku yi sammako kafin rana ta take.