Sharhi: Ranar da Jimmy McGill ya tozarta yayansa a Better Call Saul

Wanda bai kai zango na 3 na Better Call Saul ba ya dakata a nan, don zan faɗi yadda kashi na 5 ya ƙare. Sunan kashin "Chicanery", tashar AMC ta Amurka ta fara nuna shi a watan Mayun 2017, ni kuwa a Netflix na kalla. Cikin kashi 63 na shirin gaba ɗaya, babu wanda ya tsaya mini a rai kamarsa.

Babu harbi a ciki, babu dillalan ƙwaya, ko fuskar Mike, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan shirin, ba a gani ba. Kusan komai a ɗaki ɗaya aka yi shi a birnin Albuquerque, inda kwamitin ladabtar da lauyoyi na jihar New Mexico ya zauna don duba ko za a ƙwace lasisin aikin lauya na Jimmy. Mai ba da shaida a kansa kuwa yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Chuck, babban lauya mai faɗa a ji, wanda ya yi imani wutar lantarki tana cutar da jikinsa. Saboda shi aka kashe fitilun ɗakin, aka karɓe wayoyi da agogunan mutane.

Asalin rigimar takardun bankin Mesa Verde ne. Jimmy ya sauya lambar adireshi daga 1261 zuwa 1216 don Chuck ya ji kunya, aikin bankin ya bar hannun Chuck ya koma hannun Kim Wexler, lauya kuma budurwar Jimmy. Chuck ya yi masa dabara ya naɗi muryarsa yana amsa laifin, shi kuma Jimmy ya ɓalle ƙofar gidan ya lalata kaset ɗin a gaban shaidu. Wato dai Jimmy ya aikata, mu 'yan kallo da idonmu muka gani. To ta ina zai kuɓuta?

Ta hanyar mayar da mai gaskiya mahaukaci. Ya ɗauko Huell, gwanin yankan aljihu, wanda ya bangaje Chuck ya zura masa batirin waya mai cikakken caji a aljihu. Awa 1 da minti 43 batirin yana jikinsa bai ji komai ba. Jimmy bai tsaya nan ba, sai da ya gayyato Rebecca, tsohuwar matar Chuck, wadda Chuck ɗin ya daɗe yana ɓoye wa ciwonsa, ta zo ta zauna tana kallo. Wannan ne ya fi yi mini zafi. Buɗewar kashin ta riga ta nuna mana daren da Chuck ya shirya mata liyafa, ya yi ƙaryar an yanke masa wuta, ya ƙare da doke wayar da ke hannunta. Jimmy yana wurin a daren, ya san inda gyambon yake, nan kuma ya taka.

Da batirin ya fito, Chuck ya ɓarke. Ya rantse ba mahaukaci ba ne, ya ce ba zai taɓa manta 1216 ba tunda shekara ɗaya ce bayan Magna Carta, tsohuwar yarjejeniyar dokar Ingila ta 1215, ya tono satar da Jimmy yake yi a shagon mahaifinsu tun yana yaro, ya tono ceton bogi da Jimmy ya shirya a kan allon talla don neman suna. Michael McKean, wanda ya fito a matsayin Chuck, ya yi wasan da ban taɓa ganin irinsa ba a wannan wuri: murya tana hawa, fuska tana sauyawa, har zuwa lokacin da ya farga kowa ya zuba masa ido. Kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ƙiyayyar da ta fito tare da gaskiyar ita ta kayar da shi. Bob Odenkirk kuma, wanda ya fito a matsayin Jimmy, bai yi murmushin nasara ba, fuskarsa ta wanda ya ci gari amma ya ƙone gidansu ce.

Na ga mutane da yawa suna murna wai Chuck ya gamu da gamonsa. Ni ban iya ba. Na yarda Chuck ya zalunci ƙanensa, shi ya hana a ɗauke shi aiki a kamfanin lauyoyi na HHM, ya laɓe bayan abokin aikinsa Howard. Amma mutumin ba shi da lafiya, kuma Jimmyn da ya yi shekaru yana kai masa ƙanƙara da jarida kullum shi ne ya fallasa shi a bainar jama'a.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda kwamitin ya zura ido aka sa wa mai shaida abu a aljihu ba da saninsa ba, ba wanda ya tsawatar yadda ya kamata. Duk da haka ban yi mamakin lambar yabon da ƙungiyar marubuta ta Amurka ta ba Gordon Smith, marubucin kashin, a kan wannan rubutu ba.

Turancin shari'ar yana da sauri, gara a kunna rubutun ƙasa. Kuma kada a faɗa masa kai tsaye, a fara daga kashi ukun ƙarshe na zango na 2, inda aka sauya lambobin.