Zuwa Yankari: da rani ko da damina?

Wanda ya je gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi don ganin namun daji, rani ne lokacinsa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa na kora ɓauna da gwanki da giwaye zuwa bakin Kogin Gaji. Fita da sassafe ko bayan la'asar ta fi, domin da rana ta take dabbobi suna shigewa inuwa su lafe. Sai dai zafin Afrilu ba wasa ba ne, a riƙe ruwan sha da yawa.

Da damina daji ya yi kore shar, tsuntsaye ko'ina, amma ciyawa takan fi mutum tsawo. Ruwa ya wadata, dabbobi sun warwatse, wasu hanyoyin sun zama taɓo mai kafe mota. Ga tsando, wanda baƙaƙe da shuɗɗan tufafi ke jawowa.

Ruwan Wikki kuwa, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin gandun, bai san rani ko damina ba, ɗuminsa na nan wajen digiri 31. Birai ma haka: a rufe gilashin mota, kada a riƙe leda a hannu.