Hattara da masu tallar inbata "mai cika cikin awa 2" a Sakkwato

Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan, don ba kowa ke son faɗa wa duniya an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Abin da ya sa na daure shi ne shekaranjiya na sake ganin bidiyon tallar mutumin da ya damfare ni da inbata da batura yana yawo a WhatsApp, sunan shafin ne kawai ya canza. Murya ɗaya, batura ɗaya, alƙawari ɗaya. Ga zafi ya kunno kai, lokacin da mutum zai iya miƙa duk abin da ke aljihunsa in dai fanka za ta juya masa da dare.

Gab da azumin bara na yi niyyar sa wa Inna wuta a gidanta da ke Mabera. Tana da firiza tana ɗan sayar da ƙanƙara da zoɓo, ga ta da hawan jini, zafin Afrilu ba ya barinta barci. Na tambayi kuɗin sola na ji ya fi ƙarfina. Ana cikin haka sai ga wannan talla: inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, da batir kawai, babu farantin sola ko ɗaya a kan rufi. Na kira lambar, ya ce in same shi a wani shago da ya kama kusa da Tsohuwar Kasuwa. Matashi ne mai fara'a, kowa Injiniya yake ce masa. Ya kunna mini fanka biyu da talabijin, ya ɗora mita a kan batirin ta nuna bolt 12.8, alamar ya cika, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanga ba irin baturan da ka sani ba na. Ko awa biyu NEPA ta kawo, ya cika. Kwana da wuni zai riƙe maka gida har da firiza." Ni da ban taɓa zuwa ko Umara ba, ranar na zama Alhaji, kuma ban musa ba.

Na biya kafin alƙalami a wurin, sauran ranar da ya zo ya haɗa. Inbata 2.5kVA, batir biyu masu ruwa, kowanne an rubuta 12V 220Ah a sitikarsa, wato ƙarfin wutarsa da yawan cajin da yake ɗauka. Rasit ɗin da ya ba ni babu adireshi, babu lambar batir, "garanti shekara 2" kawai aka rubuta da biro. Kuɗin ma asusun wani suna daban na tura, ya ce na ƙaninsa ne.

Mako na farko lafiya lau, don an yi sa'a wuta tana zama. Daren da aka ɗauke tun magariba sai ga kiran Inna: "Ɗan nan, wanga abin naka tun ɗazu yake kuka, ga shi ya mutu." Bai kai awa ɗaya ba. Na kira Injiniya, ya ce firiza ce ta yi masa yawa. Muka cire firiza. Ya ce ruwan batir ne ya yi ƙasa. Muka zuba. Ya ce sabon batir sai ya "saba da gida". Daga nan sai kira ya daina shiga. Na je shagon na tarar da mai sayar da katifa a ciki, ya ce wancan wata biyu kawai ya biya.

Wani dattijo mai gyaran batir a bakin Kara shi ya buɗe mini ido. Bai ma taɓa mita ba. Hannun batirin ya kama ya jijjiga, ya ce in taya shi mu ɗora a sikeli. Kilo 44. Ya ce na gaske mai 220Ah, in da ruwansa, yana kaiwa wajen kilo 60, saboda abin da ke riƙe wuta dalma ce, ita kuwa dalma ba ta ɓoye nauyinta. Sai ya sa farce a gefen sitikar, wadda zafi ya riga ya fara ɗagawa, ya yaye ta. A ƙarƙashi ga tsohuwar sitika ta koɗe, an rubuta 150Ah. Ya nuna mini kan batirin inda ake ɗaure waya: an goge shi da sanfefa yana ƙyalli, amma ga shatar tsohon noti nan ta zauna daram. Wurin da kamfani ke buga ranar ƙira an kankare shi da wuƙa. Ya haska tocila ta ramin zuba ruwa, farantan dalmar da ke ciki sun yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Ya ce, "Yaro, wanga ya yi shekara ukku yana aiki gidan wani kafin a yi mai wanka."

Na tambaye shi to ina 12.8 ɗin da na gani da idona? Ya yi dariya. Batirin da ya mutu ma in an cire shi daga caji yanzun nan zai nuna hakan. Mita tana gaya maka randa ta cika har baki, ba ta gaya maka ko randar ta zama moɗa ba.

Wannan maganar randa ita ce gaba ɗayan lamarin, kuma ita ce ban gane ba sai da kuɗina suka tafi. Inbata da batir ba sa haifar da wuta. Randa ce kawai, abin da NEPA ta zuba shi za ka ɗiba, har ma da ragi, don inbatar kanta tana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari wajen juya wutar. Duk wanda ya ce maka nasa "yana caja kansa da kansa", ko wai ba ya buƙatar sola ba ya buƙatar NEPA, tashi ka kama gabanka.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun a shagon. 12 sau 220 ya ba ka 2,640, wato wat nawa batir ɗaya zai iya bayarwa na tsawon awa guda a kan takarda. Biyu sun zama 5,280. Batirin dalma kuwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 2,640. Cire rabon inbata, ka tashi da wajen 2,300. Fankar sama tana cin kimanin wat 75, uku sun zama 225. Ƙara ƙwai shida na wat 10 da talabijin, ka kai wajen 350. Raba ka gani: awa 6 zuwa 7. Wannan fa da sabbin batura na gaske, kuma ba a sa firiza ba. Ina kwana da wuni ya fito? Cajin ma haka. Ƙa'idar batir mai ruwa a ba shi kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansa, wato am 20 ko 22. In ya sha rabi yana neman awa 7 zuwa 8 kafin ya cika sosai, in ya ƙare ƙaf ya haura awa 10. Wanda ya ɗura masa wuta don ya cika cikin awa 2 dafa shi yake yi.

Kada a ce na kushe tsarin baki ɗaya. Inbata ba tare da sola ba tana aiki, akwai gidajen da suke jin daɗinta shekara da shekaru. Sharaɗin shi ne unguwarku tana samun wutar da za ta cika ta. Mu nan Sakkwato muna ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta kasa layuka gida biyar: Band A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. Amma kar ka tsaya ga abin da ke rubuce. Ɗauki littafi ka rubuta awannin da kuke samu na mako biyu, kuma a lokacin zafi. In ba ku kai awa 8 ba, batirin zai riƙa kwana da yunwa kullum, wannan farin gishirin zai hau farantansa, ko na gaske ne ba zai yi nisa ba. Ga kuma zafin garin nan. Ana auna rayuwar batirin dalma ne a kan digiri 25, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage kusan rabinta, mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke wuni. Shi Injiniya cikin sito marar taga ya jera na Inna, alhali batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. Wayar da ya yi haɗin da ita ma, da dattijon ya kankare ta, jan launin a sama kawai yake, cikinta fari fat, alminiyam. Fis ko bireka tsakanin batir da inbata kuwa babu. Allah ne ya tsare.

A sabon bidiyon na ga ya ƙaro da batirin lityum, wanda ake ratayawa a bango mai ɗan allo yana nuna 100%. Nan ma a kula. Lambobin allon da kwamfuta ake saita su, har adadin cajin da batirin ya sha a baya ana iya mayar da shi sifili. Akwai masu kwaso tsofaffin da aka sauke daga ƙarfen sabis su sa musu sabon gida. Na gaske mai 5kWh ƙwayoyi 16 ne a ciki, kowace bolt 3.2, jimla 51.2. Wani mai 15 ne, bolt 48, a sayar maka a kuɗin mai 16. Lityum ya fi saurin caji, wannan gaskiya ne, amma shi ma randa ce.

In har za ka saya, je da mai gyaran da kai ka nemo, ba wanda mai shago ya nuna maka ba. A ɗora a sikeli a gabanka. A rubuta lambar kowane batir a kan rasit mai adireshi, sunan asusu ya zo ɗaya da na rasit. Sannan ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an yi gwaji a gidanka: a cika batir, a kashe wutar NEPA, a kunna kayan da aka san yawan cinsu, ka zauna da agogo. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wannan. Nawa da na ambaci makamancin haka ranar haɗi, cewa ya yi yana sauri, akwai wani Alhaji a Arkilla yana jiransa.

Na kai ƙara ofishin 'yan sanda da rasit da shaidar tura kuɗi, a can na tarar da mutum biyu sun riga ni, ɗaya tela ne daga Runjin Sambo wanda ya sayar da keken ɗinki ɗaya ya biya. Baturan na sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, kuɗin ko rabin sabo ɗaya ba su kai ba. Inbatar tana nan a sito, Inna ta lulluɓe ta da tsohon zane tana ɗora kwanon goro a kai.