Wuƙar aljihu mai naɗewa: wata bakwai tare da ita, da ɗinki uku a yatsa

Rabin wannan rubutu da hannun hagu na latsa shi, don har yanzu manuniyata ta dama ba ta gama lanƙwasuwa ba. Ku da kuke tare ni a kasuwar Kara ta Sakkwato kuna tambaya ko wuƙar nan da kuka gani a hannuna tun hunturu ta cancanci kuɗinta, ga amsarku a wuri ɗaya, in huta da maimaici.

Harkar albasa nake yi, ina kuma da 'yar garka wajen Kwalkwalawa. Duk mai wannan aiki ya san ba a rabuwa da wuƙa: yanke igiya, farke bakin buhu, datse tiyon injin ban ruwa, feƙe turke. Na gaji da ƙananan nan na kan tebur da ake saya yau, jibi a ga ƙotar a hannu guda kaifin a hannu guda. A raina ina neman irin wadda na tashi na gani a aljihun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Okapi mai zobe a baya. Tun 1902 ake ƙera ta a Solingen ta ƙasar Jamus, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Tasa ta sha wasa har ta sirance ta koma kamar basilla, amma ban taɓa jin ta ci amanarsa ba. Ban samu irinta ba, sai wani yaro mai sayar da kaya ta WhatsApp ya turo mini hoton wannan. Kuɗin kun san su, ba sai na tayar wa kaina da ciwo ba.

Ranar da ta iso, gaskiya na ji daɗi. Tana da nauyi a hannu, ƙotarta baƙa mai kaushi wadda ba ta sulɓi ko da gumi, tsawon kaifin ya kai santimita 9, gadon bayansa da kauri. An buga D2 a gindinsa, wato sunan irin ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Da ɗan yatsa guda kake buɗe ta, ta miƙe ta ce ƙas, domin ƙananan boris ne a mahaɗarta. Wata biyar cur ina aiki da ita ban kai ta ko kusa da dutse ba. Tiyo mai kauri wanda da sai na yi ta gurzawa, ja ɗaya take raba shi. Har yaran da ke mini lodi suka sa mata suna Hajiya, kowa sai ya ce a ara masa Hajiya. Nan dai ba ni da ta cewa.

Abu biyu ne suka fara ba ni haushi tun lokacin, amma na raina su. Ƙurar hunturun Sakkwato ba ta bar boris ɗin nan sun sarara ba, sati biyu kawai na fara jin ƙaras-ƙaras in na buɗe, kamar mai tauna shinkafa da tsakuwa. Ɗigon man keken ɗinki ya kan kwantar da abin na 'yan kwanaki. Na biyu, na yanka albasa da lemun tsami wani dare na mayar da ita aljihu ban goge ba, da safe sai ga ɗigo-ɗigon tsatsa. Yaron da ya sayar mini ya ce ba ta tsatsa. Ashe D2 ba cikakken ƙarfe marar tsatsa ba ne. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa wajen kashi 12 ne cikin ɗari, kuma kaso mai yawa daga cikinsa ya haɗe da kabon, wanda shi ma ya kai kashi 1.5, sun zama 'yan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen. Su ne ke sa kaifin ya daɗe, su ne kuma suka cinye abin da zai kare shi daga tsatsa. Da an faɗa mini haka tun farko ai gogewa ba wuya ba ce.

To, sai Babbar Sallah ta zo.

Yanka kam ban yi da ita ba, hankalina bai gushe har can ba. An umarce mu da mu wasa wuƙa mu hutar da dabba, kuma santimita 9 ba tsawon wuyan rago ba ne. Doguwar wuƙar gida ta yi wannan. Wajen fiɗa ne shaiɗan ya raya mini in nuna Hajiya. Dattijon da ke mana fiɗa duk shekara, wanda ya gaji aikin kaka da kakanni cikin rundawa, ya karɓa ya juya ta, ya buɗe ya rufe, ya miƙo mini abata. Ya ce, “Alhaji, wagga ba ta hiɗa ba ta. Duk wuƙad da ad da gwiwa, ƙazanta na shiga gwiwa.” Na yi dariya na ce, “Baba, zamani ya wuce ku.” Na tsuguna da kaina na kama rago na biyu.

Kuma fa ta yi aikin. Fata ta riƙa saɓulewa kamar ana tuɓe riga, ban huda ko wuri ɗaya ba, shi kansa Baban sai da ya gyaɗa kai. Na yi alfahari ƙwarai a ranar. Da aka gama aka banƙare ragunan aka jera su gefen wuta yadda muka saba, na ɗauraye ta a bakin famfo, na goge kaifin da tsumma har yana ƙyalli, na naɗe na jefa aljihu. A ganina na wanke ta ke nan.

Kwana uku bayan haka uwargida ta ce in yanke mata tsohuwar jarka gida biyu, a riƙa zuba wa kaji ruwa. Na buɗe wuƙa. Yanzu da nake tunawa, ba ta ce ƙas ɗin nan da ta saba ba, wani ɗan lumus na ji, amma hankalina na kan yara da ke ta kai da kawo da nama. Na kafa tsinin a jikin jarka na danna da ƙarfi ina murzawa. Robar ta ƙi, na ƙara nauyi. Sai kawai kaifin ya naɗo ya rufe a kan yatsana. Ban ji zafi nan take ba, jini na fara gani yana bin gwiwar hannu. Uwargida na salati, ni kuma ina tsaye ina kallon wuƙar maƙale da manuniyata kamar bakin kada. Ɗinki uku aka yi mini, da allurar tetanus, kuma ma'aikacin ya ce in gode wa Allah ba ta kai ga jijiya ba. Ragowar naman Sallah da cokali na ci shi, hannu naɗe da bandeji, ga baƙi na zuwa gaisuwa kowa sai ya tambaya. Abin da ya fi ciwon ciwo shi ne Baba mai fiɗa ya zo duba ni, ya zauna ya yi mini sannu har sau uku, bai ce komai game da wuƙar ba. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

A daren na rubuta wa yaron da ya sayar mini, har da hoton yatsan. Ya karanta, ya yi shiru kwana biyu, sannan ya amsa da cewa ai wannan ba a fiɗa da ita. Shi ne fa wanda ya rubuta a tallarsa cewa ta mafarauta ce, har da hoton barewa. Na ce to sukudireban da ake kwance ta da shi fa, don na ga kusoshinta ba irin namu ba ne? Ya ce ba ya zuwa da ita. Daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Kusoshin nan masu bakin tauraro ne, ana ce musu Torx, babban na mahaɗa T8, ƙananan na ƙota T6. Na zaga shagunan kayan gini ban dace ba, ƙarshe wurin wani mai gyaran waya na samu. Shi ya kwance mini ita a kan farin tsumma, yana gargaɗina kada in yi numfashi da ƙarfi boris su watse. Wallahi abin da muka tarar a ciki ya isa ya sa mutum ya daina yanka 'ya'yan itace da wuƙar aljihu: daskararren kitse ya haɗu da busasshen jini, da gashin rago, da ƙurar wata da watanni, sun zama wani baƙin danƙo mai wari. Makullin wannan wuƙa wani siririn falle ne na ƙarfe a cikin ƙota, wanda ke zamewa ya tokare gindin kaifi idan an buɗe. Danƙon ya cike hanyarsa, sai ya tsaya a gefe-gefe, da ƙyar yake taɓa gindin. Ni kuma na zo na danna da tsini ina murzawa, wato daidai irin nauyin da ke ture shi.

Da na ga haka sai jikina ya yi sanyi, na ce laifina ne. An gaya mini, na ƙi ji. Muka wanke komai da kananzir da tsohon buroshin haƙori, sannan ruwan zafi da sabulu, muka shanya, muka ɗiga mai kaɗan, ya mayar ya ɗaure. Ta dawo tana ƙas kamar sabuwa. A hanyar gida har na fara shirya yadda zan rubuta cewa wuƙa lafiyayya ce, mai ita ne sakarai.

Amma da na sake zama na yi tunani, ban yarda duka laifin nawa ba ne. Abin da aka kira na aiki mai nauyi, aka sa masa kuɗin aiki mai nauyi, bai kamata kitsen rago ɗaya ya kashe masa makulli ba. Wani abokina da ya yi karatu a Amurka yana da Buck 110, wadda aka fara fitarwa tun 1964 don mafarauta. Makullinta a gadon baya yake, ƙugiya ce ke faɗawa cikin rami, kuma don ka rufe ta ba sai ka sa yatsa a hanyar kaifi ba. Ita ma ƙazanta na iya cike ramin, ya gaya mini, amma kana gani da ido ka sa tsinke ka sakace. Tawa kuwa sai ka nemo mai gyaran waya.

Sai maganar wasawa, wadda ita ce ta ƙarasa ɓata mini rai. Bayan fiɗa da jarka, kaifin ya dakushe. Na sa ta a dutsen gida na yi ta gogawa, dutse na cinyewa wuƙa na nan yadda take. Taurin nan da na yaba shi ne ya juyo kaina. Da hannu ɗaya ba na iya jurewa, sai na miƙa wa masu wasawa da inji a bakin kasuwa. Kafin in ce a riƙa tsoma ta a ruwa, tartsatsi ya tashi, tsinin ya koma shuɗi. Ƙarfe ba ya yin wannan launi sai zafi ya kai wajen digiri 300, kuma wurin da ya ƙone ya rasa taurin da aka ba shi. Ga kuma ƙarce-ƙarce har gadon baya. Yaron mai injin ya miƙo mini yana murmushi, wai yanzu ko aski sai ta yi.

Na wuce da ita Maƙera Assada don in ji ko akwai gyara. Wani tsohon maƙeri ya duba ya ce in dai ba kwance ta za a yi a sake sa ta wuta ba, sai dai a ci wurin da ya ƙone a hankali har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, kuma shi ba zai sa ƙarfen da bai san halinsa ba a wuta. Ya tambaye ni nawa na saya. Da na faɗa, ya ce, “Ɗiyana, da waɗanga kuɗɗi da na ƙera maka goma, in ɗaya ta dakushe ka goga ta ga dutsen bakin ƙofa.” Na sayi ɗaya a wurinsa, mai kube, don kunya.

Gyaran da kaina na yi shi da yatsa ya fara warkewa. Na samu ɗan dutse mai fuskar daimon, wani kuɗin ke nan, na riƙa jan kaifin a kwance kamar digiri 20 kowane gefe, dare huɗu ina yi bayan Isha'i, sannan na goga a bayan wani guntun jar fata da na karɓo wurin masu aikin fata. Tsinin ya ragu da kusan milimita 2, amma ta dawo tana yanke igiyar leda ba gardama. In gaskiya za a bi, ko yanzu babu wuƙar da ke datse tiyo kamarta a garkata, har ta maƙerin.

Sai dai tun da aka kwance ta, kusar mahaɗa ke sassautawa duk bayan 'yan kwanaki, kaifin ya riƙa girgiza gefe da gefe. Dole na sayi nawa T8 ɗin ina yawo da shi, wato wuƙar aljihu ta zama mai ɗan rakiya. Maƙalin da ke jikinta kuma ya yaga mini aljihun kaftani biyu, ɗaya shadda ce ta Sallah. Na cire shi na jefar. Ga shi in zan yi tafiya Illela ko Goronyo a gida nake barin ta, don da yanayin da ake ciki ba na son dogon bayani a shingen bincike kan wuƙar da ke buɗewa da yatsa guda.

Yanzu tana cikin akwatin kayan injin ban ruwa, can garka, tare da sifana da filaya. Kafin in yanka komai da ita sai na buɗe na saurari ƙas, na leƙa fallen nan na ga ya shiga sosai, sannan in ɗan buga bayanta a itace yatsuna a gefe. Yaran lodi sun zo aron Hajiya shekaranjiya, na ba su ta maƙeri.